Wa Zai Riƙe Hannuna Ranar Alhamis, Sista Mwajabu?

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, huɗu ga Maris, ina kasa lemo a kasuwar Korogwe aka ce mini Sista Mwajabu Shemdoe ta rasu, hawan jini ya kayar da ita a bakin aiki. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Sista, ke ce mai jinya a ɗakin farfaɗowa sa'ad da aka yi mini tiyatar ciki bara. Allurar da ake yi don jiki ya saki ba ta bar ni da wuri ba. Na farka ina jin komai, amma fatar idona ta ƙi ɗaguwa, numfashi guntu-guntu, ko yawu na kasa haɗiyewa. Na ɗauka mutuwa ce. Sai na ji yatsunki cikin tafina. "Mama Mboni, na san kina ji na. Magani ne, zai fita. Ba inda zan je." Kika gyara mini abin shaƙar iska, kika zauna.

Mu kuwa nan, majinyaci ba ya tashi sai ya sha kunu. Gwaggona Bi Tatu ta kutso da fulas, har ta cika cokali, kika tare ta.

"Ke 'yar nan, da yunwa za ki kashe mini ita?"

"Gwaggo, maƙogwaronta bai farka ba. Cokali ɗaya ya faɗa huhu, sauran kunun na masu zaman makoki ne. Bari ta matse hannuna, ta ɗaga kai daga matashi."

Da na yi, ke kika ba ni kunun da kanki, kina tsokanar gwaggo wai ta yi rowar sukari.

Ranar Alhamis za a sake yi mini aiki. Kin yi alkawari za ki tsaya a kaina, shi ya sa na yarda. Yanzu tsoro nake ji, Sista, tsoro ƙwarai. Na je gidanku kafin a yi miki wanka, na sa yatsuna cikin tafinki. Ban san abin da nake jira ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Mzee Kihiyo da ɗanku Mhina, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya gafarta miki, Ya yi miki rahama. Yadda kika ƙi barina ni kaɗai ranar da na kasa motsi, kada Allah Ya bar ki ke kaɗai a kabarinki.