Maganin da Na Nemo wa Inna a Tarabulus

Shekarar da na bi ayari zuwa Tarabulus da jemammun fatu, saƙo ɗaya Baba ya ba ni, in nemo wa Inna magani wurin malaman Larabawa. Iska ce ke hawanta. Da kaka, in mata na sussukar gero a ƙauyenmu na kusa da Kunci, sai ta yar da taɓarya ta hau dirka ƙafa a ƙasa, fuska a murtuke, har sai an lulluɓe ta da zane ta yi atishawa, alamar mai hawan ya sauka. Dagaci ya ja wa Baba kunne, ya ce ba a bori a ƙasar Musulunci. Baba kuwa ya ce in ba a samu magani ba, gidan iyayenta za ta koma.

Na sha yawon malamai a can, kowa ya ba ni irin garin maganinsa. Wata la'asar mai masaukina, wani Balarabe mai jin Hausa, ya ja ni kallo a wani gida bakin teku. Ya ce masu wasan baƙi ne daga ƙasar Andalus.

Ba ganga, ba kalangu. Wani na kaɗa wata ƙatuwar garaya mai tsirkiya da yawa, wasu na tafi, wani tsoho kuma ya wage baki kamar an aiko masa da rasuwa. Wai waƙa ke nan! Sai wata mata ta miƙe cikin doguwar jar riga mai baza, ta ɗaga hannuwa tana murza yatsu, ta soma dukan daɓen katako da dunduniya. Ashe ƙafarta ce gangar. Ko murmushi ba ta yi wa kowa ba. Ni kuwa na san irin wannan fuskar tun ina yaro.

Da ta tsaya cak tana haki, babu wanda ya motsa. Na ce a raina, waɗannan wane irin marasa imani ne? Na zare mayafina na je na lulluɓe ta, na tsaya jiran atishawa. Gida ya kwashe da dariya. Ta yaye mayafin ta miƙo mini, ta nemi ruwan sha.

Mai masaukina ya finciko ni. "Kai Bakano, lafiyarka kuwa?"

Na ce ya tambayar mini ita, wa ya hau ta, da me kuma ake saukar da shi. Ta ce babu kowa. Uwarta ce ta koya mata, in ranta ya ɓaci takan yi, in ya yi daɗi ma takan yi.

Da na dawo gida na iske Inna tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Na ba ta labarin don ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Mijinta na wurin?"

"Ai shi ne mai garayar, Inna."

Mazarin ya tsaya. Ta dubi ƙofar turakar Baba, ta yi ƙasa da murya.

"Ni ma babu kowa, ɗan nan. Matar aure ba ta rawa a garin nan sai an ce ba ita ba ce." Ta miƙo hannu. "Kawo maganin in sha. Ka ce wa babanka ya yi aiki."

Abin ya yi mini zafi, har yau yana yi. Inna ta zauna a ɗakinta har Allah ya karɓi abinsa, ba ta sake dirka ƙafa ba. Mutanen ƙauyenmu suka yi ta yabon malaman Tarabulus.