Takardar da Na Hana Kawu Dangwalawa

Ko zan manta komai na zamana a Zongon Kumasi, ranar da takardar nan ta iso hannuna ba za ta fita raina ba. Lokacin ina sayar da albasa a kasuwar Race Course, tsohuwata kuwa tana ƙauyenmu a arewa, inda waya ba ta kamawa sai an yi tafiyar rabin yini.

Wani direban lori ɗan garinmu ne ya kawo ta. Ya ce, "Kawunka ya aiko. Wasu sun zo neman ɗan fili a gonarsa su kafa ƙarfen sabis. Ya ce ba zai dangwala ba sai ka karanta." Haka muke yi, ba a taɓa ƙasar gida sai ɗan da ke birni ya ga takarda.

Na karanta. Wai ana karɓar wani kaso daga kamfanonin waya, ana tarawa don kai sabis ƙauyukan da kamfani ba ya ganin riba. Dariya ta kama ni. Ni da na ga an sayar wa mutum uku fili ɗaya a garin nan? Na ce, "Ei! Yaushe kura ta fara rabon nama? Yau ƙarfe, gobe gonar gaba ɗaya."

Direban ya ce, "Yaya, an ce suna da ofishi nan Kumasi fa. Ka leƙa ka tambaya mana."

"In bar albasata in je a yi mini Turanci? Ka ce wa Kawu ya ɓoye yatsansa."

Kawu ya ɓoye. Mutanen suka dawo sau biyu, suka gaji, suka kai ƙarfen wani gari can bayan kogi. Ni kuwa ina ta bugun ƙirji a majalisa, wai na tsare gadon gida.

Damina ta biyu bayan haka, ina cikin ɗaure buhu, sai ga wata 'yar garinmu ta durƙusa tana mini ta'aziyya. Na ce ta wa? Ashe kwana huɗu ke nan da binne tsohuwata. Kogi ya cika, an rasa mai haurawa ya kira ni. Kwana uku ta yi kwance tana tambaya ko na iso.

Har yau abin na ci na, wallahi. Na san waya ba ta tare ajali, amma da na ji muryarta, da na nemi gafararta. Na koyi cewa zargin da ba a bi shi da tambaya ba wauta ce kawai. Ina ta tsoron baƙo ya cuce mu, ashe ni ne zan yi.