Lafiya Lau ɗin Balkisa

Har yau ban manta da ranar da Balkisa ta riƙe mini gefen mayafi a bakin ƙofar asibiti ba. Lokacin ina aikin tafinta a wani asibitin masu ciwon damuwa a garin Bobigny, can ƙasar Turawa. Ga yadda aikin yake: likita ya yi magana da Faransanci in mayar Hausa, maras lafiya ya amsa in mayar Faransanci, ba ƙari ba ragi. Abin da aka gaya mini a waje kuwa, ba ya shiga ɗakin likita sai da izinin mai shi.

Balkisa 'yar Maradi ce, tana zaune a Stains, ba nisa da asibitin. Mijinta Malam Sani yana aiki a Lyon, gari mai nisa, sai ranar Juma'a yake hawo jirgin ƙasa, wato tiren, ya zo. Bayan ta haihu ciwon damuwa ya kama ta, aka ɗora ta kan magani, ta ji sauƙi sosai. Can kuma ciwon ya fara dawowa. Likita ya tambaya ko maganin yana damun ta, ta ce, "Lafiya lau." Mu kam da lafiya lau, ko gida na ci da wuta sai mun faɗe ta.

Da muka fito ne ta riƙe ni.

"Yaya, ba ni shan maganin daga Alhamis har Malam ya koma."

Na ce, "Subhanallahi! Don mi?"

"Tun da na fara shi jikina ya mutu. Ina son Malam, wallahi ina son shi. Da, in ya kira ya ce ya shigo tiren, zuciyata har rawa take. Yanzu in yi lalle, in turara ɗaki, ya taɓa ni kamar ya taɓa bango. Ba kayan matan da ban saya ba a kasuwar Château Rouge. Shi kuma ya bar tambaya, sai ya juya ya kwanta. Kewar shi nike, ga shi kusa da ni."

Tausayinta ya kama ni. Na roƙe ta mu koma ciki.

"Mi za ni ce wa namiji, kuma bature?"

"Ki faɗa da Hausa kina kallona. Kunyar Faransancin ki bar mini ita."

Muka koma ciki, ta faɗa, na mayar. Likitan ko gezau bai yi ba. Ya ce irin wannan magani yakan rage wa wasu mata sha'awa, ba laifinta ba ne, kuma tsallake shi ne ke dawo mata da ciwon. Ya shirya canza mata wani a hankali, amma bai yi mata alkawarin komai ba.

Bayan wasu watanni na gamu da ita a tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon, da goyonta, hannu ya sha lalle. Na ce, "Ya jiki?"

Ba ta ce lafiya lau ba. Ta ce, "Ina shan maganina kullum. Ɗaya matsalar kuwa kaɗan-kaɗan take sauƙi, Yaya. Yau da ya kira, na ji wani abu." Idonta na kan ƙofar da fasinjoji ke fitowa.

Abin da na koya ke nan: matanmu ba a ɗakin likita suke fara faɗin ciwonsu ba. Shi ya sa in mace ta ce lafiya lau, ba na saurin fita. Nakan rage tafiya, in saki gefen mayafina.