Wutar Maman Job

Sunanta Eunice, amma a unguwar Gwallaga ba mai kiranta haka. Maman Job ake ce mata, saboda ɗanta na fari da ke aikin walda a Fatakwal. 'Yar Bogoro ce. Aure ya kawo ta Bauchi, mijinta direban tankar ruwa, ya rasu ya bar mata yara uku da ɗan gida mai ɗaki biyu da fili a baya. A hannun wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta koyi masa, kuma da masar nan ta raini yaran har suka kama gabansu.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Na koyar da ilimin ƙasa a sakandare har na yi ritaya, kuma duk tsawon shekarun nan ƙarar cokalinta a kan tanda ce ke shaida mini gari ya waye. Masarta fara ce, mai taushi, gefenta a soye. Daga Ƙofar Ran ake hawo keke a zo saye, 'yan kasuwar Muda Lawal kuwa kwano suke aikowa. Ba ta da fara'a sosai. In ka ce ta ƙara maka miya, sai ta dube ka tukuna, sannan ta ƙara.

Fiye da shekara ashirin tana sunkuye a kan murhun itace. Tari ya fara mata kamar na mura, daga baya ya zauna. Da ta je asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya ce huhunta ya yi kama da na mashayin taba. Ta ce masa ita ko karan sigari ba ta taɓa riƙewa ba. Ya ce ai murhu ma taba ce, babba, kuma in ba ta rabu da hayaƙi ba, nan gaba ko tsakar gida ba za ta iya sharewa ba. Gas ɗin silinda ya fi ƙarfin ribar masa. Gawayi ma haka. Ta dawo ta ci gaba da hura itacenta.

A lokacin 'yata Amatullah tana digiri na biyu a fannin injiniyan noma. Ita da wani abokin karatunta, Elisha, suna cikin masu yawon wayar da kai a kan samar da gas daga kashin dabbobi da shara. Sun je ƙauyuka da makarantu, an tafa musu, ba wanda ya gwada. Sai Amatullah ta ce tun da tarin Maman Job ke tashinta da safe, a nan za ta fara.

Suka binne baƙin tankin roba a bayan rumfar da take toya masa, suka sa masa bututun zubawa da na fitarwa, suka ja tiyo zuwa wani faffaɗan kan risho da aka ƙera daidai girman tanda. Ina tsaye ranar da take yi mata bayani.

"Maman Job, ki ɗauka saniya na kawo miki. Ba ta da kai, ba ta da ƙafa, ciki kawai gare ta. Kullum da safe ki dama ɗanyen kashin shanu bokiti biyu da ruwa ki ba ta. Kar ki ƙara, kar ki rage."

"Ni da ko akuya ban taɓa kiwo ba? To nono fa, tana bayarwa?"

"Wuta take bayarwa."

"Amatu, in abin nan ya tashi da ni, ki sani a ɗakinki zan sauka."

Bai tashi da ita ba. Bayan 'yan makonni aka ƙyasta ashana, wuta shuɗiya ta zagaye kan rishon, ba hayaƙi, ba wari. Wani mai baro, Ɗanlarai, shi ke kawo kashin daga mahauta, ya kwashi ruwan takin da ke fitowa ya kai wa masu lambu. Mutane sun yi ta tsokana. Na ji wani tela yana cewa, "Maman Job, an ce yanzu da kashi kike toya mana masa?" Ta ce, "Wadda ka ci jiya fa? Ga ka nan da bakinka." Masu shakka ta gaske sun tambayi limamin masallacin layinmu, ya ce kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Maganar ta mutu.

Shekara guda da 'yan watanni ta yi a haka. Jan idonta ya washe. Tarin bai tafi ba, amma ya koma na lokaci-lokaci. Har coci take zuwa da ƙafa.

Amatullah ta rasu a hatsarin mota a hanyar Jos, cikin watan Sha'aban. Shekarunta ashirin da bakwai. Ba zan tsawaita a kan wannan ba.

A unguwarmu gidan da aka yi rasuwa ba ya ɗora tukunya, maƙwabta ke ciyar da shi da masu zuwa gaisuwa. Maman Job ba ta jira an raba aiki ba. Ta rufe rumfarta ta ɗora manyan tukwane. Mutane sun zo da yawa, 'yan jami'a da dangi daga Azare da Gombe, kowa kuma da kular abincinsa. Abinci ya yi ta ragowa: shinkafa, tuwo, ƙosai, kunun da ya kwana. Da yamma matan gida suka rasa yadda za su yi da wanda ya fara lalacewa, wata ta ce a zubar a lambatu. Maman Job ta hana. Ta ce abincin sadakar Amatu ba zai kwanta a lambatu kaji su tattaka ba. Ta kwashe ta kai bayan rumfarta, ta dama da ruwa ta ɗura wa tankin.

Tana da wani dalilin kuma. Gas ɗin da ke isar tanda da safe ba ya isar tukunyar mutum hamsin. Washegari ta ga wutar ta ƙara ƙarfi fiye da yadda ta taɓa gani. Sai ta ƙara. Har ranar sadakar bakwai duk abin da ya rage a gidana can yake tafiya, haɗe da ƙullun masarta da ya yi tsami don ba ta toya ba. Ɗanlarai kuwa ta ce ya huta, ga abinci mai kyau ya samu.

Duk wannan daga baya na sani. Abin da na fara gani shi ne hayaƙi yana tsallako katanga, ana saura kwana kaɗan a fara azumi. Sannan na ji tarin. Na yafa mayafi na zagaya. Na same ta a tsugune tana fifita itace, ido na zubar ruwa, kan rishon yana jingine da bango.

"Maman Job, me ya sami gas ɗin?"

"Hajiya, ki koma ciki. Ba lokacin wannan maganar ba ne."

"Na riga na fito."

Ta tashi ta murɗa makunnin. Iska na fita, ana jin hucinta, amma da ta kai ashana sai ashanar ta mutu. Ta gwada sau uku. Daga bakin bututun wani wari ke tasowa, irin na kokon da ya kwana biyu.

"Saniyar Amatu ta bi uwar ɗakinta," in ji ta.

Na kira Elisha, wanda aiki ya riga ya kai shi garin Lafiya. Na buɗe muryar wayar don ta ji. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya tambaye ta me take zubawa. Ta faɗa masa, ba ta rage komai ba. Sai ya ce:

"Mama, cikin ne ya yi tsami. Ƙananan halittun da ke yin gas ɗin ba sa jure tsami. Shinkafa da tuwo suna saurin ruɓewa, sun fi ƙarfinsu."

"Abinci mai kyau na ba ta, Elisha. Wanda mutane suka ci."

"Na sani, Mama. Da kaɗan-kaɗan ne da ba komai."

"To ni na kashe ta ke nan."

"Ba ta mutu ba. In ƙullunki ya yi tsami me kike sa masa?"

"Kanwa."

"Ita ma haka."

Ya ce a daina ba ta komai, a rage ruwan cikin, a riƙa zuba ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, sannan a samo abin da ake zubarwa daga tumbin shanu a mahauta, da ɗuminsa. Daga nan sai jira. Zai iya kai wata guda, zai iya fi. Ya roƙe ta kada ta koma itace kafin nan.

"Wata guda? Ɗana, ka taɓa ganin mai masa ta tafi hutu ana shirin azumi?"

Gaskiyarta ta wannan fuskar. Da azumi cinikinta ke komawa yamma, kuma a watan ne take samun abin da ke riƙe ta har damina. Ta kuma san halin masu saye: in suka yi sati biyu a wata tandar, bakinsu ya saba da can. Na aika mata silindata cike. Ta dawo da ita ko kunnawa ba ta yi ba, da saƙon cewa ba ta dafa mini abinci don ta karɓi gas ba. Na je da kaina. Ta ce in na sake kawowa za ta ɗauka biyanta nake yi. Na san ba wasa take ba, na ƙyale ta.

Ta ɗaura ƙyalle a hanci ta ci gaba. Da safe ita da Ɗanlarai su yi jinyar tankin, da la'asar ta hura itace. Itacen bana ɗanye ne, mai yawan hayaƙi, rumfar kuma an riga an kewaye ta da langa-langa tun zuwan gas don kada iska ta riƙa kaɗa wutar. Hayaƙin ba ya samun hanyar fita. Na ce a ɓalle gefe ɗaya, aka ɓalle, bai hana komai ba.

A tsakiyar azumi, ana dab da shan ruwa, mutane na tsaye da kwanukansu, numfashinta ya sarƙe. Ba ta faɗi ba. Ta ajiye cokali ta dafa ƙasa da hannu biyu, bakinta a buɗe, leɓenta ya yi duhu. Telan nan mai tsokanarta shi ya ɗauke ta ya sa a keke napep. Na bi su.

Ta yi kusan mako biyu a gadon asibiti da robar iska a hanci. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce mini a baranda abin da huhu ya rasa ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage, kuma wanda ya rage ba shi da yawa. Job ya zo daga Fatakwal ya ce da ita zai koma. Ta ce masa sai dai ya ɗauki gawarta.

Bayan Sallah gas ɗin ya dawo. Ɗanlarai ne ya ƙyasta, wutar ta kama, ƙarama da farko, bayan kwanaki ta cika kan rishon. Aka gaya mata, ta sa aka jiƙa shinkafa. Ranar da ta koma tanda mutane sun taru fiye da kullum. Hannunta bai manta komai ba. Amma yanzu ko tururin mai sai ya kama mata ƙirji. Ta juye zagaye ɗaya, ta tsaya ta shaƙi maganinta, ta sake zubawa. Ba ta kai rabin ƙullun ba ta kashe wutar da kanta. Ta dubi waɗanda ke layi ta ce, "Ku yi haƙuri." Suka watse da kwanukansu.

A makon da ya biyo ta bi Job. Ta ce sai ta ji sauƙi za ta dawo, shi ya sa ba ta sa kowa a gidan ba. Makullin yana hannuna. Ɗanlarai yana zuwa da baronsa saboda masu lambu na son takin, gas ɗin kuma yana taruwa, mu buɗe mu ƙona shi a banza don kada ya yi wa tankin yawa.

Muna waya ranar Lahadi in ta taso daga coci. Ba ta iya doguwar magana, tsakanin jimla da jimla ina jin numfashinta. Kwanan baya ta tambaye ni wa ke masa a layinmu yanzu. Na ce wata yarinya ce, Ni'ima, matar wani mai gyaran babur, ta kafa tanda a bakin kwana.

"Ana layi?"

"Ana yi."

Ta ja numfashi, ta sake tambaya.

"Da me take toyawa?"

"Da itace."

"Shekararta nawa?"

"Ba za ta wuce ashirin da biyar ba. Da goyo take zama."

"Hajiya, ki ba ta makullin. Ta shiga rumfar ta yi a kan gas ɗin. Ban ce ta ba ni komai ba."

Washegari na je na faɗa wa Ni'ima. Ta yi godiya sosai, tana kare fuskar jaririn da gefen zani. Ta ce ta ji an ce abin ne ya kwantar da Maman Job. Na yi mata bayani yadda zan iya. Ta ce to, za ta yi shawara da maigidanta. Yau wata biyu ke nan, da itace take yi.