Kunun Kanwa da Sikelin Asibiti

Sau uku a mako nake kai Baba wankin ƙoda, kuma ba allurar ce ke tayar mini da hankali ba, sikelin bakin ƙofa ne. Kafin a jona shi da inji sai ya hau an ga ruwan da ya taru a jikinsa, kuma kullum nauyin ya wuce ƙa'ida. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. In ya kwanta numfashi ya sarƙe, sai dai ya yi barci a zaune. Likita ya ce in aka ci gaba haka, ruwan zai cika masa huhu.

Ni kuwa na san na bi doka. Na cire gishiri a girki, na hana dabino da ayaba, ruwa ƙaramar kwalba ɗaya a yini, a zafin nan na Jidda. To daga ina? Na yanke hukunci a ɓoye yake sha. Na zama 'yar sanda a gidanmu na unguwar Hindawiyya: ya shiga alwala ina bakin ƙofa na kasa kunne, ya dawo masallaci na tsare shi da tambaya. Ya rantse, ban yarda ba. Ni dama bakina ba linzami, rannan har na ce masa tsufa bai hana shi ƙarya ba. Sai kawai ya ɗauki carbinsa.

Wata ranar wanki muka dace da wata ma'aikaciyar jinya Bakanuwa, sabuwar zuwa. Ta tambayi abin da yake ci. Na ce kunun kanwa, kwano guda safe da yamma, don shi kaɗai cikinsa ke karɓa. Da alfahari ma na faɗa.

Ta riƙe haɓa. Ta ce kanwa ai 'yar'uwar gishiri ce, kunu kuma ruwa ne. Likitan Baba Balarabe ne, bai san kanwa ba balle ya hana, ni kuma a wurina kunu abinci ne. Ashe da hannuna nake ɗura masa ruwan da nake zarginsa da sata.

A mota na kasa zama daidai, na kasa haɗa ido da shi. Sai da muka kusa gida na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Halas, ya wuce, 'yar nan," ya ce, idonsa na kan titi. "Na daɗe da daina kurkure baki a alwala, don kada ki ji motsin ruwa ki ce na sha."