Harshen Iya a Idona

Har yau in na ratsa kasuwar hatsi na ji ƙamshin dawa sabuwar sussuka, sai idona na hagu ya kama ƙifce-ƙifce shi kaɗai. Ban sa shi ba, kuma ba na iya hana shi. Ka san ido ba ya neman izinin mai shi kafin ya ƙifta. Ni da azaba na koyi wannan karatun, ina ɗan firamare.

Bayan girbi ne, an kawo dawa daga gonar Baba ta wajen Izom. Inna, mahaifiyata, tana sheƙa a tsakar gida. Na shigo daga makaranta a guje, daidai nan iska ta juya, sai na ji wani abu ya faɗa mini a ido. Na murza. Wayyo Allah! Ashe murzawar ce ta cusa ƙaiƙayin can ƙarƙashin fatar ido. Duk ƙiftawa sai in ji kamar ana karta mini allura, idon kuma ya ƙi daina ƙiftawa.

Inna ta buɗe idon ta hura, ta sake hurawa. Ta kawo ruwa a kwano ta ce in tsoma fuska in buɗe ido a ciki. A banza. Baba yana Abuja wurin aiki, babu waya a lokacin, kuma sai bayan isha'i yake dawowa. Na ji tana cewa a hankali, "Allah kada ya zama hakiya." A bakin layinmu akwai mai gyaran keke da idonsa ɗaya ya yi fari fat, mu yara kuwa mun yarda ƙaiƙayi ne ya yi masa haka. Na fara rufe idon mai lafiya ina gwada ɗayan, ban ga komai ba sai ruwa da jan haske. Tsoro na gaske na ji.

Aka aika kiran Iya, kakata ta wajen uba, tana gidan barka a maƙwabta. Ta shigo tana taunar goro, ko mayafi ba ta ajiye ba. Ta dubi idon, ta tofar da goron, ta miƙa wa Inna sauran da ke hannunta, ta ce a ba ta ruwa da gishiri. Ta kurkure baki ta zubar, ta sake, ta sake. Sai a nan na gane da harshe za ta ciro shi, na ƙwalla ihu.

"Kai, rufe mana baki! Ka gode Allah yau ban ci yaji ba," in ji ta.

Ta zauna a tabarma, ta ɗora kaina a cinyarta, Inna ta danne mini hannuwa. Iya ta ce in buɗe, kada in kuskura in ƙifta. Na buɗe da niyya ɗaya, wallahi. Amma fuskarta na matsowa, idon ya rufe gam. Muka sake, ya sake rufewa. Hawaye na zuba har cikin kunne, Inna tana ta salati a kaina.

"Haba angona," in ji Iya, "in ka zama mai ido ɗaya, ni sakina za ka yi ko ni zan gudu?"

Wasa take yi, amma yatsunta da ta ɗora a fatar idona karkarwa suke yi. Wannan ya fi ƙaiƙayin firgita ni, don ban taɓa sanin akwai abin da ke ba Iya tsoro ba. Ta yi bismilla, ta buɗe idon da ƙarfi ta riƙe, ta sunkuyo. Na ji numfashinta, na ji ɗumin harshenta ya zagaya sau ɗaya ya shige sama. Ta ɗago, ta shafo bakin harshen da yatsa, ta nuna wa Inna. Abin bai kai ƙwayar riɗi ba. Na ƙifta, na sake ƙiftawa. Raɗaɗi na nan, amma kartar ta tafi, ga kuma fuskar Inna ina gani dishi-dishi. Iya ta ture ni daga cinyarta, ta ce a dawo mata da sauran goronta.

Idon ya kwana biyu yana ja, Baba ya kai ni asibiti aka ba ni man shafawa, ya washe.

Kwanan baya na je gwajin tabarau a Abuja, likita ta haska idon ta ce akwai ɗan tsohon tabo. Na ba ta labari, ta girgiza kai, ta ce ganganci ne, ƙwayoyin cutar baki suna iya kashe ido gaba ɗaya. Gaskiyarta. Ni ma in yarana suka samu abu a ido, asibiti muke nufa, kuma a unguwarmu ban san tsohuwar da ta rage mai wannan aikin ba. Na dai zauna ina kallon likitar da idon da aka lasa, tana cire safar hannun da ta taɓa ni da ita tana jefawa a kwandon shara.