Igiyar da Ba a Jona Ba

A shagon buga takardu na bakin kasuwar Makarfi, Malam Zainulabideen magatakarda yana jiran kwafin wani fayil, idonsa na kan mutumin da ke gefensa. Mutumin zai kai shekara talatin da biyar, shaddarsa ta sha guga, amma yana shan rake yana tofar da tuka a ƙarƙashin teburin mutane.

Wani tsohon wasan bidiyo ne ke gudu a kwamfutarsa. Ɗan mutumin cikin wasan yana tsallake ramuka ba ko tuntuɓe, domin da manhaja aka tsara kowane tsalle, kamar yadda yake faɗa wa mai shago da alfahari. Masu shafin intanet da ake tura irin wannan gudun sun ware wa na manhaja layinsa daban, amma mutumin layin masu bugawa da hannu yake so, inda sai an nuna bidiyon yatsu. Wataƙila a gida ma haka yake, wani ya yi aiki shi ya karɓi yabo.

"Baba, riƙe min waya ka ɗauki hannuna kawai. Yau zan sauke wani Bilya daga matsayi na ɗaya."

Yatsunsa masu danƙon rake suna latsa madannin, tsallen yana riga su. Malam bai taɓa sa hannu a takardar ƙarya ba. Ya karɓi wayar, ya ja baya a natse, har igiyar madannin ta shigo hoton, tana lilo ba a jona ta da komai ba.